Zan sayi motar tsere ta Italiya ta hannu a karon farko: Ferrari 348 ko 360 Modena?

Bakanon Leeds

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekarata 14 ina aiki a arewacin Ingila, kuma tun ina yaro nake da burin mallakar motar tsere ƙirar Italiya, tun ranar da yayana ya liƙa hoton wata jar Ferrari Testarossa a bangon shagonmu na zaure. Yanzu Allah Ya hore mini fam 65,000 da na ware domin wannan buri, bayan na sauke nauyin gida da na karatun yara, amma ban taɓa riƙe motar da ta wuce ta zuwa aiki da kai yara makaranta ba, shi ya sa na ga ya dace in nemi shawarar waɗanda suka riga ni kafin in sa hannu a takarda.

Motoci biyu ne suka tsaya mini a rai. Ta farko Ferrari 348 tb ce ta shekarar 1992, mai giyar hannu, ta yi tafiyar mil 41,000, kuma dillalin yana neman fam 52,000. Gaskiya ita zuciyata ta fi karkata gare ta, saboda layukan da ke gefen ƙofofinta suna tuna mini da wancan hoton na bango. Ta biyu 360 Modena ce ta 2001, mai giyar F1 wadda ake canzawa da 'yan faifan da ke bayan sitiyari, mil 19,000 kacal ta yi, kuma mai ita ya ce ba zai sallama a ƙasa da fam 64,000 ba. Ya ce shekara huɗu ke nan tana lulluɓe a garejinsa, ba ya fitar da ita sai jefi-jefi, don haka a cewarsa ba ta da maraba da sabuwa.

Tambayata ita ce, wace ce ta fi dacewa da wanda bai taɓa riƙe irin wannan mota ba? Me ya kamata in duba kafin in biya? Sannan nawa ne mutum zai riƙa warewa a shekara domin kula da ita? Ina da gareji a gida, kuma niyyata in riƙa hawanta a ƙarshen mako ne kawai idan gari ya yi kyau.

Tsohon Bakanike

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya sanya alheri a wannan niyya. Na yi shekaru fiye da 20 ina kwanciya a ƙarƙashin irin waɗannan motoci kafin gwiwa ta sa na ajiye sifana, don haka bari in fara da abin da ya fi cin kuɗin masu su, wato tayimin bel.

Duka motocin nan biyu injin V8 gare su a bayan kujerun zama, kuma bel ɗin roba ne yake daidaita buɗewa da rufewar bawul da hawa da saukar fistin. A irin wannan inji, idan bel ɗin ya tsinke ko ya tsallake haƙori yayin da inji yake gudu, fistin zai daki bawul, kuma a cikin ƙiftawar ido za ka tashi da aikin da zai iya lashe kaso mai tsoka na kuɗin motar kanta. Roba kuwa tsufa take yi ko an hau mota ko ba a hau ba, shi ya sa ake canza shi bisa shekaru, tsakanin uku zuwa biyar gwargwadon ra'ayin garejin da kake hulɗa da shi, tare da boris ɗin da suke ɗaure shi. A nan ne bambancin motocinka biyu yake. A 348, wadda aka ƙera daga 1989 zuwa 1995, gaban injin yana manne da bangon da ke bayan direba, ta yadda hannu ba ya shiga, saboda haka sai an ɗaga motar sama an sauke inji da giya gaba ɗaya ta ƙasa kafin a taɓa bel. Haka ma F355 da ta gaje ta. Da aka zo kan 360 a 1999, sai injiniyoyin Ferrari suka bar wata ƙofa a bayan kujeru, wadda idan an kwance ta bakanike zai isa ga bel ba tare da inji ya motsa daga mazauninsa ba. Kuɗin aikin hannu ne yake raba su, kuma ratar ba ƙarama ba ce. Sai a F430 ta 2004 aka koma sarƙa, amma ita ta fi ƙarfin abin da ka ware.

Ba na raina 348, don kuwa ni kaina ina son ta. Injinta lita 3.4 ne mai ƙarfin doki 300, ba ta da fawa a sitiyari, kuma duk abin da tayar gaba ta taka sai ka ji shi a tafin hannunka. Sai dai mota ce mai hali irin na tsohon doki. Da sanyin safiya giya ta biyu ba ta shiga cikin daɗin rai sai man giya ya ɗumama, har masu ita sukan tsallake daga ta ɗaya zuwa ta uku na 'yan mintunan farko. Wayoyinta da akwatin fis sun haura shekara 30, kuma wasu kayan gyaranta sai an yi cigiya. Ga wanda bai taɓa riƙe irinta ba, 360 ta fi sauƙin zama: jikinta na alminiyom ne, cikinta ya fi faɗi, injinta lita 3.6 mai ƙarfin doki 400 ya fi juriya, kuma an ƙera ta da yawa har ba a rasa kayanta.

To amma wannan 360 da ka kawo, ban yarda da ita ba tukuna. Maganar giyar F1 ce ta farko. Mutane suna ɗaukar ta otomatik, alhali giyar hannu ce da kuloci na gaske, sai dai kwamfuta da famfon mai ne suke taka kulocin a madadinka. Jan ƙafa a cunkoson gari da yin ribas a kan tudu suna cinye wannan kuloci da sauri. Alhamdu lillahi ba sai an yi canki-canka ba, domin garejin da ya ƙware yana da na'urar da ake jonawa da motar ta nuna kashi nawa cikin ɗari na kulocin ya tafi. Ka nemi a buga maka wannan a takarda. Idan ka buɗe ƙofar direba za ka ji famfon yana wani ɗan kuka daga baya na 'yan daƙiƙu. Idan ya daɗe bai yi shiru ba, ko yana yawan tashi yayin da mota take tsaye, to akwai abin dubawa.

Bayan haka ka tambayi takardar da ta nuna an canza bariyeta, wato ɗan abin da yake sauya lokacin buɗewar bawul, domin kamfanin ya yi kiranye a kan motocin farko-farko saboda shi, kuma ta 2001 tana iya shiga ciki. A duba manifol na salansa ko ya tsage, a girgiza tayoyin gaba a ji ko boljoyin ya saki, domin 360 tana cin su. Ka bi gefunan bodi da yatsa, musamman bakin marfin taya da ƙasan gilashi. Alminiyom ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe, amma yana kumburo fenti kamar ƙuraje. Kada ka yarda garejin da mai motar ya zaɓa ya yi wannan bincike. Kai za ka zaɓi naka, kai za ka biya, kuma a haɗa da gwajin matsin kowace silinda. Duk mai motar da ya ƙi yarda a ɗaga ta a duba, ka yi masa sallama cikin mutunci ka kama gabanka.

Baban Hanifa

Malam Bakano, duk abin da Baba ya faɗa haka yake, kuma ni ganau ne a kan maganar motar da ta daɗe a kwance. Tawa ma 360 ce, shekara shida ke nan tana hannuna, kuma abin da ya ruɗe ni ranar da na saye ta shi ne abin da yake ruɗar ka yanzu, wato ƙarancin mil. Na je gidan mutumin na tarar da ita a lulluɓe, ya yaye mayafin, na leƙa ta gilashin baya na hango jan murfin injin yana ƙyalli, sai duk tambayoyin da na rubuto a takarda suka bi iska. Ban kai ta an duba ba. Laifin nawa ne, motar ba ta yi mini ƙarya ba, ni ne ban tambaye ta ba.

Tayoyinta ko gashin sabunta bai gama kaɗewa ba, amma a kwanar farko da na shiga da ɗan gudu bayan yayyafi, sai na ji bayan motar yana neman ya wuce gabanta. Da na kai gareji, bakaniken ya durƙusa ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefen taya, ya ce biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe kuma shekara. Tayoyin sun kai shekara 11, sun bushe sun zama kamar katako. Daga nan aka shiga lissafi: bel ya wuce wa'adinsa da shekara uku duk da mai motar ya rantse mini cewa bai daɗe da canzawa ba, robobin da suke tare mai sun ƙeƙashe har baƙin mai yana ɗiga a kan faifan ƙasa, man birki ya sha ruwa, na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki, batir kuma ya mutu murus. Maɓallan ciki ma sun narke sun yi danƙo, idan ka taɓa na gilashi sai baƙi ya biyo yatsanka kamar kwalta, har farar rigata ta Juma'a ta samu rabonta. Kafin shekarar farko ta ƙare na kashe abin da ya haura fam 9,000, kuma ba don na more ta ba, don kawai in maido ta yadda na zaci na saye ta.

Saboda haka da za ka ji tawa, gara wadda ta yi mil 40,000 da tarin rasit na kowace shekara, da wadda ta yi 19,000 babu takarda. Ka zauna ka bi rasit ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka gwada mil ɗin da aka rubuta a kansu da tarihin MOT, wato gwajin lafiyar mota na kowace shekara, wanda kowa zai iya dubawa kyauta a shafin gwamnati da lambar mota. Idan ka ga giɓin shekara biyu ko uku, ka tambayi dalili. Ka kuma biya 'yan kuɗi kaɗan a bincika maka ko akwai bashin banki a kanta, ko kamfanin inshora ya taɓa sanya ta a rukunin S ko N, wato na motocin da ya ga gyaransu bai cancanci kuɗin ba, bayan haɗari.

Tun daga wancan lokaci ba ta sake ba ni wahala ba, don na koyi halinta. Kullum tana gareji batir ɗinta yana jone da 'yar na'urar caji. Ba na wuce mako biyu ban fita da ita ta yi tafiyar da za ta ɗumama sosai ba, ban da lokacin hunturu da ake zuba gishiri a titi. Ba na taka totur da ƙarfi sai allurar zafin baƙin mai ta tashi, duk da injin yana iya kai wa juyi 8,500 a minti. Ka kuma kiyaye wannan: ba a auna baƙin manta da safe inji yana sanyi kamar sauran motoci, domin man yana cikin wani tanki ne daban, sai inji ya yi zafi kuma yana kunne ake dubawa. Wanda bai sani ba zai ga kamar babu mai, ya ɗura ƙari, ya jawo wa kansa aiki. A shekarar da babu canjin bel nakan kashe tsakanin fam 2,000 zuwa 3,000 idan an haɗa sabis da 'yan gyare-gyare, ban da inshora da fetur.

Maman Sadik

Malam, ni ba bakanikiya ba ce, aikina lissafin kuɗi, kuma abin da ya tsaya mini a bayaninka shi ne fam 65,000 kake da su, kana kuma shirin miƙa 64,000. Wanda ya sayi doki da duk abin da ke aljihunsa, da me zai sayi harawa? Ko a kan 348 ɗin, abin da zai rage maka zai iya tafiya a sauke inji sau ɗaya idan aka buɗe aka tarar da abin da ba a zata ba, kuma da wuya a sauke injin da ya shekara 30 a mayar ba a canza famfon ruwa da robobi ba.

Maigidana ya yi irin wannan buri, amma da muka zauna muka yi lissafi sai ya sayi Maserati GranTurismo, wadda aka fara fitarwa a 2007. Injinta V8 ne mai lita 4.2 wanda Ferrari ta ƙera, sarƙa gare shi maimakon bel, giyarta kuma otomatik ce ta kamfanin ZF na Jamus, don haka babu zancen cin kuloci, matuƙar ka kauce wa samfurin S na farko mai giyar MC Shift, wadda take da kuloci irin na F1. Kujeru huɗu gare ta na gaske, har yara suna shiga baya, kuma kuɗinta a kasuwar hannu bai kai rabin abin da ka ware ba. Ba zan ɓoye maka ba, mota ce mai nauyi, ta kusa tan biyu, tana shan fetur, birki da tayoyinta suna da tsada, kuma darajarta ba ta tsayawa kamar ta Ferrari. Waɗanda suka san ta sukan ce a saurari injin a tashin farko da safe ko zai yi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, a kuma leƙa ƙarfen ƙasa na gaba saboda tsatsa.

Kowacce ka zaɓa, ka nemi farashin inshora kafin ka yi ciniki, kuma ka nemi irin wadda ake amincewa da darajar mota tun farko tare da iyakance mil na shekara, domin ta fi sauƙi ga motar ƙarshen mako. Ka auna faɗin ƙofar garejinka, don 360 ta haura mita 1.9 ban da madubai, garejin gidajen Ingila kuwa ka san yadda suke. Idan kana zuwa Landan, ka sa lambar motar a shafin hukumar sufuri ka ga ko za ta biya fam 12.50 na ULEZ, wato harajin hayaƙin mota, a kowace ranar da ka shiga da ita. Fetur kuma, tun Satumbar 2021 na gama-gari ya koma E10, wato mai haɗin sinadarin ethanol har kashi 10 cikin ɗari, saboda haka tsohuwar mota irin 348 sai dai ka riƙa ba ta E5 mai tsada, wanda haɗinsa bai wuce kashi 5 ba.

Bakanon Leeds

Na gode ƙwarai, Baba, Yaya Baban Hanifa da Hajiya. Allah Ya saka da alheri. Na kira mai 360 ɗin jiya da yamma na tambaye shi rasit ɗin canjin bel na ƙarshe, sai ya ce zai duba, daga baya ya turo mini na shekara bakwai da suka wuce. Da na ambaci kai ta gareji a duba, ya ce akwai wani mai saye da zai zo ranar Asabar da kuɗi a hannu. Na ce masa Allah Ya ba da sa'a.

Hajiya, na karɓi maganar harawa, kuma na yanke cewa ba zan wuce fam 55,000 a saye ba. Sai dai Maserati ba ita ce a bangon shagonmu ba, don haka zan ci gaba da neman 360 mai yawan mil da cikakkun takardu. Akwai sauran tambaya ɗaya: ina da niyyar komawa gida nan da shekara biyar ko shida idan Allah Ya kai mu. Zai yiwu in tafi da ita Kano?

Na Garki

Alhaji, wannan kam ka cire shi daga lissafi tun yanzu. Motar Ingila sitiyarinta a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, kuma doka ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha yin gargaɗi a kan haka. Juya sitiyarin Ferrari kuma ba irin aikin da ake yi wa ƙananan motoci a bakin kasuwa ba ne, kuma ranar da aka yi shi darajarta ta zube. Ko da ka samo mai sitiyari a hagu daga Jamus ko Italiya, kwastam suna da iyakar shekarun motar da ake shigowa da ita, kuma ta 2001 ta wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba.

A nan Abuja muna ganin irinsu jefi-jefi a Maitama da Asokoro, mafi yawa sababbin samfuri, kuma rabin rayuwarsu a kan jak suke yi suna jiran kaya daga waje. Ƙasan motar bai fi tsawon tafin hannu daga titi ba, ga tudun rage gudu a kowace unguwa wanda kowa yake ginawa yadda ya ga dama. Lagiretocin 360 suna can ƙasa a hancinta, daidai inda ƙurar hunturu da ledoji suke taruwa, ga zafin Kano na watan Afrilu da yake haura digiri 40 a cikin cunkoson Ƙofar Nasarawa. Fetur kuma kala ɗaya ne a gidan mai, ba ka da zaɓin mai ƙarfi kamar yadda kuke da shi a can. Ka more ta a inda take da likitocinta, idan lokacin dawowa ya yi ka sayar. Wadda aka riƙe da takardu ba ta rasa mai saye.

Tsohon Bakanike

Ƙanena, ka yi daidai da ka bar wa mai zuwa ranar Asabar. Tunda ka tsaya a kan 360, ka fara neman garejin kafin motar. Akwai masu zaman kansu da ba sa taɓa komai sai motocin Italiya, kuɗin aikinsu a awa bai kai na babban dila ba, kuma sau da yawa su ne suka san wane kwastomansu ne yake shirin sayarwa, motar da suka shekara goma suna yi wa sabis da hannunsu. Ka je ka gaishe su, ka faɗa musu abin da ke aljihunka ba tare da kunya ba. Mai giyar hannu ta fi tsada yanzu saboda ba a ƙera su da yawa ba, don haka a kuɗinka F1 za ka samu, kuma babu laifi a ciki idan ka koyi sanya ta a furi duk lokacin da ka tsaya a danja.

Ranar da za ka je ganin mota, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, kuma da ka isa ka ɗora bayan hannunka a kan gilashin injin ka tabbatar da sanyi yake. Ka tsaya a bayanta lokacin da za a murza makulli, ka kalli launin hayaƙin, ka saurari daƙiƙu goman farko. Idan ka samu wadda ta kwanta maka, ka turo mini hoton rasit ɗinta da takardar kulocin in duba maka kafin ka ba da kafin alƙalami.